Buhunan Malam Ɗanjuma

Ranar sunan ɗan Zulai ina zaure na jiyo ku, ku 'ya'yana, a tsakar gida kuna ba baƙi labarin kakarku, wai ita ce ta kwashe littattafaina kaf ta kai gidan waya suka ɓace, don dama can ba ta ƙaunar boko. Aka yi ta dariya har da masu tafa hannu. Ban ce komai ba a ranar saboda baƙi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ba laifinku ba ne. Rabin labarin kuka tarar, shi ma daga bakin uwarku Rabi, wadda kun sani in ta ɗauki labari sai ta zuba masa gishiri da yaji. Littattafan sun ɓace, wannan gaskiya ne, kuma ba su dawo ba har yau. Amma sauran zancen ba haka yake ba, kuma ba na so in bar duniya kuna yi wa Inna dariya a kan abin da ya kamata ku yi mata addu'a.

Sai kun fara sanin yadda muke da ita. Ni ne ɗan farinta, sannan aka raɗa mini sunan mahaifin Baba, wato Haruna. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina, ta ɗan fari da ta suruki. Tun da na buɗe ido na san mutane ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Da yake ranar Juma'a aka haife ni, maƙwabta suka laƙa mini Ɗanjuma, ya bi ni, har ya zama duk Kebbe da ƙauyukanta ba wanda ya san wani Haruna. Sunan yanka ya koma na makaranta da wurin aiki kawai. Ita kuwa Inna ko Ɗanjuman ma nauyi yake mata, "wancan" take cewa. Ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta ba ƙanwata Hajo, ina zaune ina ji. In Hajo ba ta nan, sai ta ba kaza ko turmi.

"A hwaɗa ma wancan tuwo na sanyi," haka za ta ce, tana kallon garu.

Ni kuma in dubi ƙasa in ce, "A ce mata an gode."

Ku na yanzu da uwa ke kiran ɗanta a waya safe da yamma tana tambayar ko ya ci abinci, za ku ce wannan ai rashin so ne. Ni ma ina yaro na sha zaton haka, musamman in na ga ƙannena a cinyarta ni kuwa an tura ni ɗakin kaka. Sai da na girma na lura ƙwaryar furata ta fi ta kowa nono, kuma ba wanda ya taɓa cewa ga wanda ya ƙara.

Littattafai kuwa su ne dukiyata. Sa'annina suna tara awaki da shanun noma, ni ina tara takarda. Tun ina makarantar horon malamai a Sakkwato na fara, ɗaya bayan ɗaya, wani sabo, wani kwance a tabarmar 'yan gwanjo bangonsa ya tafi. Akwai na labaran Hausa da na karanta har na haddace, akwai na tarihin ƙasarmu, da na Turanci da na yi ta fama da su da ƙamus a gefe, da na fiƙihu masu jar takarda. Kowanne na san inda na same shi da halin da nake ciki. A gefen shafuka na yi ta rubuce-rubuce da fensir, ina gardama da marubutan da ba su san ina yi ba. Sama da duka akwai wata gafaka ta fata, cikinta waƙoƙin wa'azi ne da Baba ya kwafa da hannunsa cikin ajami kafin ya rasu. Hannunsa yana da wata karkata, kamar rubutun yana sauri zai tafi masallaci. In na yi kewarsa ita nake buɗewa. Duka suna cikin wani babban akwatin katako da kafinta ya yi mini musamman, wanda sai ƙarti biyu ke ɗaga shi.

Takardar canjin wurin aiki zuwa Tambuwal ta zo mini ne da faɗuwar damina. Ba ku san hanyar Kebbe ta wancan zamani ba. In ruwa ya sauka, mota takan kwana a laka, fasinja su sauko su yi ta turi, kaya kuwa suna sama a buɗe, tamfol ɗin da aka rufa musu duk huji. Gado da tukwane da buhunan gero na yarda su sha ruwa. Littattafai na ce ko kusa. Uwarku ta yi ta tsiya, wai ita da katifarta an yarda su jiƙe amma an tausaya wa takarda. Na yanke shawarar in bar akwatin a gida har kaka, in hanya ta bushe in zo in ɗauka. Ɗakin Inna ya fi kowanne rufi mai kyau, don haka na sa aka kai shi ƙofarta. Hajo ta zo daga gidan mijinta a Fakku don taya mu ɗaurin kaya, na ce mata ta roƙar mini wurin ajiya.

Inna tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "A aje shi bayan gado. Ba su cin tuwo, mi za su rage ni da shi?"

Muka tare a Tambuwal, gidan haya, sabuwar makaranta, sababbin fuskoki. A nan kowa Malam Haruna yake ce mini, don shi ne a takarda. Damina ta yi ƙarfi a shekarar, ban samu leƙa gida ba, sai dai saƙon gaisuwa ta bakin 'yan kasuwa. Da yamma in na dawo aiki hannuna kan yi ƙaiƙayin littafi, in ce wa kaina saura kaɗan. Da aka yanke gero hanya ta bushe, na yi shatar a-kori-kura na nufi Kebbe da murnata kamar mai zuwa ɗaukar amarya.

Na tarar da Hajo ta zo ganin gida. Bayan gaisuwa na ce a shiga a fito da akwati. Hajo ta shiga, ta jima, ta fito tana kallona wani iri. Ta ce akwati na nan, amma ba komai a ciki, gindinsa ma gara ta cinye. Inna tana bakin murhu. Na ga muciyar da ke hannunta ta tsaya.

Ta ce da Hajo, "Tambaye shi, ba su kai garai ba?"

Hajo ta ce, "Mi, Inna?"

"Takardunai. Tun tsakiyad damana nik kai su gidan waya."

A nan labarin ya fito, guntu-guntu, Inna tana ba Hajo ni ina tsaye. Cikin watan marka garun bayan gadonta ya sha ruwa, gara ta fito ta kama gindin akwatin. Da ta ja shi ta ga ƙasa-ƙasa a jikin katako, hankalinta ya tashi. Ita kaɗai ta kwashe littattafan. Duk ranar da rana ta leƙo sai ta shimfiɗa tabarma ta baje su, tana zaune da sanda tana korar awaki, in hadari ya haɗu ta kwashe da gudu. Matar da ba ta san alif na boko ba, ta bi su ɗaya-ɗaya tana kakkaɓewa tana sa ganyen dogonyaro a tsakanin shafuka. Ta ga ɗakin ba zai ƙara riƙe su ba, motar kasuwa kuwa ta ji da kunnenta na ce ban yarda da ita ba. Sai ta tuna yadda nake yabon gidan waya, ina cewa abin da aka ba su ko ƙasar waje ne sai ya isa. Ta naɗe su da leda, ta zuba a buhu biyu, ta ɗinke baki da basilla, gafakar Baba a tsakiya don kada ta matsu. Ta kira wani mai jaki ya ɗora, ta yafa mayafi ta bi shi a baya. Ku tuna, wannan mata ce da ko kasuwa ba ta zuwa.

Gidan wayar Kebbe a lokacin ɗan shago ne guda, akawun da ke ciki kuma baƙo ne, bai daɗe da zuwa garin ba. Ya auna buhuna, ya ɗauki alƙalami ya tambayi sunan wanda za a kai wa. Inna ta yi shiru. Ya sake tambaya, ta juya ta dubi mai jaki. Shi kuwa abin da ya sani ya faɗa, ya ce Malam Ɗanjuma. Ta gyaɗa kai. Aka ce wace unguwa a Tambuwal, ta ce malami ne, kowa ya san shi. A wurinta gaskiya ta faɗa, don ba ta taɓa tunanin akwai garin da ba a san ɗanta ba. Akawu ya rubuta abin da aka gaya masa, ya ba ta rasit, ta ƙulle a bakin zane. Zanen ya sha wanki tun ba a je ko'ina ba.

Hajo ta ce, "Haba Inna, ba ki aiko an hwaɗa mai ba?"

"In aika in ce mi? Na zaci sun isa. Da nij ji shiru, nac ce kunya ta ta hana shi magana."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji zafin da ban taɓa ji ba tun rasuwar Baba. Na zaga bayan rumbu na tsaya. Ba ni da wanda zan yi wa faɗa, don kowa a cikin lamarin alheri ya nufa. Da na dawo na ce wa Hajo ta gaya mata ba komai, za a same su. Na koma Tambuwal da mota wayam, direba yana ta satar kallona.

Washegari na yi sammako gidan waya. Babban ma'aikacin wurin wani dattijo ne mai farin gemu, mun saba sosai, don wurinsa nake sayen kan sarki. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Malam Haruna! Kai ne Ɗanjuma? Inna lillahi. Ga su nan inda sunka zamna, bayan kujerag ga tawa, wata da watanni."

Ya nuna mini kusurwar. Wurin da nake tsayawa in manna kan sarki, da na miƙa hannu ta saman kanta da na taɓa su. Na ma tuna na taɓa ganin wasu buhuna a wurin, na ɗauka hatsin wani ne. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya aika wa Ɗanjuma tela, ya aika wa Ɗanjuma mahauci, har wani Malam Ɗanjuma mai almajirai a Jabo an kira ya zo ya duba, kowa ya ce ba nasa ba ne. Da wa'adin ajiya ya cika, doka ta sa ya tura su babban ofis inda ake tara kayan da ba a zo nema ba. Na tambaye shi ko akwai dabara. Ya ce akwai guda ɗaya. Tunda ba rasit, kuma sunan da ke jikin buhu ba shi ne a takarduna ba, sai wadda ta aiko ta zo da kanta ta faɗa a gabansa cewa Ɗanjuma da Haruna mutum ɗaya ne, ta dangwala yatsa, shi kuma ya aika sama a bincika. Ya ce ko hakan ma ba alkawari ya yi mini ba.

Na ce, "Ba wanda zai iya faɗa a madadinta?"

Ya girgiza kai. "Da bakinta, Malam. Haka dokat take. Ni ma ɗan hwari na, na san abin da nika tambaya."

Na fito na yi ta tafiya ban san inda na nufa ba, har na wuce makaranta. Ina son littattafan nan, Allah ya sani. In na rufe ido hannun Baba nake gani a takarda. Amma sai in hango Inna tsaye gaban kanta, maza suna layi a bayanta, ana ce mata ta ɗaga murya. Abin da ta tsare tun tana yarinya amarya, ta tsare shi a ɗakin haihuwa, ta tsare shi ranar da na kwanta ciwon da aka fid da rai da ni, shi zan sa ta zubar a gaban baƙi saboda takarda. Kafin in isa gida na gama yanke hukunci. Na ce wa uwarku an bar maganar.

Ta saki baki. "An bar magana? Malam, kalma guda ce fa! Kai da ba ka barci in yaro ya yage maka shafi?"

"Kalma guda ce a wurinki."

"To rubutun Baba fa?"

Na ce mata Baban da kansa, da yana raye, ba zai yarda ba. Ta share ido da gefen zane ta ce duk zuriyarmu taurin kai ne da mu, har kazar gidanmu. Na aika wa Hajo cewa a gaya wa Inna ana kan bincike, kada kuma wanda ya kuskura ya faɗa mata sharaɗin da aka gindaya.

Amma kun san gwaggonku Hajo, ruwa ma ba ya kwana a bakinta. Ga shi kuma Inna ta daina cin abincin kirki. Kullum ranar da motar wasiƙu ke shiga Kebbe sai ta aika a tambayo mata, a dawo a ce babu. Ta rame, ta daina zuwa ko barka. Hajo ta ce wata rana ta same ta zaune gaban akwatin da gara ta ci, tana shafa murfinsa, tana cewa ita ta kashe wa wancan dukiya. Da tausayi ya ishi Hajo sai ta fasa ƙwai, ta ce ai akwai hanya, shi ne ya hana.

Ranar kasuwar Tambuwal ce, da hantsi, ina cikin aji aka ce ina da baƙi a bakin ƙofar makaranta. Na fito na ga Hajo, bayanta wata tsohuwa cikin baƙin zanen saƙi da ba ta ɗaurawa sai da Salla, ƙafafunta duk ƙurar hanya. Inna ce. Ba ta taɓa taka Tambuwal ba sai ranar. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa iska. Na ce wa Hajo mu je gida su sha ruwa su huta.

Inna ta ce, "A hwaɗa mai ba ruwa ya kawo ni ba. Shi wuce gaba shi gwada muna wurin."

Na ce, "Hajo, ce mata na yafe. Wallahi na yafe littattafan, ba na son su."

"Ce mai ƙarya shikai. Tun shina rarrahe in ya ga takarda shika barin nono."

Ban san ta san wannan ba. Ban san tana kallona ba ma a lokacin. Na wuce gaba suna biye.

Gidan waya cike yake saboda kasuwa. Da dattijon nan ya hango mu ya gane, sai ya tashi ya roƙi mutane su ɗan ba da wuri, ya sa aka kawo mata kujera. Ta ƙi zama. Na juya zan fita waje don in rage mata nauyi, ya ce a'a, dole mai kayan ya tsaya. Na tsaya a gefe ina kallon siminti. Ya tambayi sunanta, Hajo ta faɗa. Ya tambayi abin da ke cikin buhunan, ta ce takardu ne, da gafaka guda ta mai gidanta, Allah ya jiƙansa. Sannan ya sassauta murya.

"Inna, ki yi haƙuri. Wanga da ke tsaye, da anka rubuta Ɗanjuma, mi ne sunanai na yanka?"

Na ga hannunta ya kama bakin kanta, jijiyoyin sun tashi. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Leɓunanta suka motsa, ba abin da ya fito. Na buɗe baki zan ce a bari, sai Hajo ta danƙe mini hannu. Dattijo ya sunkuyo da kunnensa ya ce bai ji ba, Allah ya ba ta haƙuri.

Sai ta saki mayafin. Ta ɗago kai, ba shi ta kalla ba, ni ta kalla, cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Haruna," in ji ta. "Sunanai Haruna. Ɗana na. Ku ba shi takardunai."

Ba ta yi in'ina ba, ba ta yi tuntuɓe ba. Ya fito mata sumul, da ɗan ja a tsakiya, irin na sunan da baki ya daɗe da sabawa da shi a inda ba mai ji. Ni da gemuna, malamin makaranta, ɗalibaina suna leƙe ta taga, na tsaya a tsakiyar gidan waya ina kuka kamar an yaye ni ranar. Dattijo ya kama yatsanta ya dangwala a tawada.

Ta ƙi kwana. Ko gidana ba ta shiga ba, ta ce kunya ba za ta bar ta ta haɗa ido da surukarta ba yau. A motar da ta kawo su ta koma, ta zauna can ƙurya ta juya wa taga baya. Bayan wani lokaci amsa ta zo daga sama cewa an duba ba a ga buhunan ba. Na roƙi Hajo, wannan karon har da rantsuwa, ta bar ni in kai labarin da kaina. Na je Kebbe na zauna a ƙofar ɗakinta na faɗa wa garu. Ita ma ta ce da garun, "To. An dai yi abin da aka iyawa." Da yamma ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, kun tarar da ita, kun ji da kunnenku "wancan" take ce mini har ta koma ga Allah. Na sake tara wasu littattafan, ga su nan kuna ɗauka ba kwa mayarwa. Hannun Baba kuwa ya tafi, kuma har gobe ina jin ciwonsa. Amma in za ku ba wani labarin nan, ku ba shi duka. Ku ce kakarku ta hau motar kasuwa daga Kebbe, ta tsaya a gaban maza ta kira sunan ɗan farinta da ƙarfi, don a mayar masa da littattafan da ita ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa a ciki ba.